Wa Zai Zaɓi Tufafin Makaranta?

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta ratsa jihar Maraɗi daga yamma zuwa gabas. Ta bi ta Gidan Rumji, ta gitta kusa da Tibiri da birnin Maraɗi, sannan ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa. Wanda ya bi hanyar nan da sassafe, a ranar karatu, zai ga yara suna tafiya makaranta. Wasu ayari-ayari, rigunansu iri ɗaya, launi ɗaya. Wasu kuwa kowa da irin tasa, wadda ya samu a gida. Akwai makarantun da ke da tufafi na musamman, akwai waɗanda ba su da shi.

Tufafin nan iri ɗaya, a nan Nijar akan ce masa tenu. Maƙwabtanmu na Najeriya sukan ce yunifom. Mu kuma a darasin nan za mu ce tufafin makaranta. Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kun san anko, wato atamfa iri ɗaya da ƙawayen amarya ke ɗinkawa don biki. Bambancin shi ne, anko na kwana biyu ne ko uku. Tufafin makaranta kuwa kullum ne, daga watan Oktoba har watan Yuni, cikin ɗari da cikin zafi.

To, a ce makarantarku ta yanke shawarar yin tufafi. Wa zai zaɓi yadin? Wa zai zaɓi launin, da irin ɗinkin?

Amfaninsa da haɗarinsa

Masu son tufafin makaranta suna da hujja mai kyau. Idan yara duka suka sa kaya iri ɗaya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ba su bambanta a cikin aji. Ba mai yi wa wani dariya don rigarsa ta gwanjo ce, wadda wasu ke kira bosho. Kuma ko daga nesa an san ɗan makaranta. In aka gan shi yana yawo a kasuwa ko a tasha lokacin karatu, kowane babba yana iya tambayarsa dalili.

Amma tufafi kuɗi ne. Nan haɗarin yake. Ku ji abin da aka gani a ƙasar Kenya. A shekara ta 2003 gwamnatin ƙasar ta soke kuɗin makarantar firamare, amma iyaye suka ci gaba da sayen tufafi da kansu. Kowane ɗaya ya kai kimanin dolar Amurka 6. Wasu masana uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka yi bincike a makarantu 328 na yammacin ƙasar. A wasu makarantun an ba ƴan aji shida tufafi kyauta, a wasu ba a ba su ba. Bayan shekara uku aka ƙidaya. Inda ba a ba da tufafi ba, cikin ƴan mata 100, guda 19 sun bar makaranta. Inda aka ba da, 16 ne suka bari. Wajen maza kuwa, daga 13 aka sauko zuwa 10.

Ku lura da ma'anar wannan lissafi. Cikin kowane yara 100, akwai uku da kuɗin riga kaɗai ya raba su da karatu. Rigar da aka yi don a daidaita yara, ita ce ta zama ƙofar da ta rufe a gaban wasu. Saboda haka zaɓen tufafi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma bai kamata mutum ɗaya ya zauna a ofis ya yanke shi ba, ko da darakta ne.

Mutum uku, sani uku

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zancen tufafi, masu ɗakin uku ne. Yaro ke sa rigar a jikinsa. Iyaye ke biyan kuɗi, su kuma ke wanki. Malami ke ganin yara duka a gabansa tun daga safe har tashi. Kowannensu ya san abin da sauran biyun ba su sani ba.

Wurin haɗuwarsu ma akwai shi tuni. Tun wajejen 2005 makarantun gwamnati na ƙasarmu ke da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, daga baya aka sake masa suna CGDES. A cikinsa akwai darakta, da wakilin malamai, da wakilan ƙungiyar iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, har da wakilin ɗalibai. Kwamitin nan ke kiran taron gari don a tsara aikin shekara, kamar gina rumfar aji ko sayen alli. Zancen tufafi ma a can ya dace a yi shi. Sai dai kun san yadda taro yake. Yaro mai tarbiyya ba ya ɗaga murya gaban maigari da liman. Idan aka ce, "Kai yaro, me ka gani?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Baba." Don haka dole a nemi maganar yara tun kafin ranar taro, a cikin ajinsu, inda bakinsu ke buɗewa.

Abin da ku kuka sani

Ku ne kuka san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce 40, kuna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ku ne kuma kuka san ɗarin Disamba da Janairu, da buji mai shiga ido, kuna tafe a ƙasa daga wani ƙauye. Rigar da ta yi daidai da bazara ba ta isa da hunturu. Shi ya sa ya kamata ta zama sakakkiya, iska na ratsa ta da zafi, ana kuma iya sa wata a ƙarƙashinta da sanyi.

Akwai ajin da ba shi da teburi da benci, yara kan tabarma suke zama ko kan rairayi. Mai zama a ƙasa, gwiwar wandonsa da mazauninsa ke fara mutuwa. Babba mai zama kan kujera ba zai tuna da wannan ba. In yaro ya faɗa, sai a ce wa tela ya ninka yadi a wuraren nan. Haka kuma aljihu. Ina za a sa alƙalami da guntun alli da kuɗin tara? Sau da yawa akan yi wa rigar maza aljihu, a manta da ta mata.

Ƴan mata suna da nasu zance. Suna son sutura mai tsawo wadda ta rufe jiki, da ɗan kwali ko hijabi mai sauƙi wanda ba ya riƙe zafi. Amma siket in ya cika matsewa, ba a iya gudu da shi, ba a iya hawa keke ko amalanke. Ga kuma wata magana wadda ba a faɗa cikin taro. Manyan ƴan mata na aji biyar da shida, wasunsu sun fara al'ada. Yarinyar da ke tsoron tabo ya fito a farin siket, gara mata ta yi zamanta a gida kwana uku ko huɗu kowane wata. Siket mai duhun launi yana rage wannan tsoro. Wannan magana malama mace ko ɗaya daga cikin iyaye mata za ta ji ta, a keɓe, ta kai wa kwamiti ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Kada ku zaci yara kullum sabon abu suke so. A Ingila akwai wata makaranta, Christ's Hospital, da aka kafa a 1552. Ɗalibanta na sa doguwar riga shuɗiya da safa rawaya irin na mutanen da. Bayan shekara fiye da 450 aka tambaye su ko a sake tufafin. Fiye da tara cikin goma suka ce a bar musu abinsu. Riga ce ta tsoho, amma da yake an tambaye su, ta zama tasu.

Abin da iyaye suka sani

Yawancin iyayenku manoma ne. A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji ana noma hatsi da dawa da wake, ana kuma noma gyaɗa da riɗi da aya don sayarwa. Kuɗin manomi yana da lokacinsa. Ƙarshen damina rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Ana buɗe makaranta a Oktoba, daidai lokacin da ake tsakiyar girbi, amfanin gona bai kai kasuwa ba tukuna. Idan aka ce kowane yaro ya zo da sabon tufafi ran farko, an zaɓi mafi munin lokaci. Uba zai ce a jira kaka ta yi, a sayar da wake. Gaskiyarsa.

Bari mu yi lissafi. Kuɗin da za mu faɗa na misali ne kawai, ku tambayi na gaskiya a kasuwarku. Kun san dala ɗaya tamma 5 ce, jika ɗaya kuwa dala 200. A ce yaro ɗaya na bukatar mita 2 na yadi, kowace mita jika 1, tela kuma ya karɓi jika 1. Tufafin yaro ɗaya ya tashi jika 3 ke nan. Mai yara huɗu a makaranta zai biya jika 12. In aka ce sai kowa ya yi biyu-biyu, jika 24. A gidan da kuɗin bai isa duka ba, wa za a fara bari a gida? Sau da yawa yarinya ce.

Yanzu ku juya lissafin. A ce yara 60 ne, mita 120 ke nan. Idan kwamiti ya sayi yadin gaba ɗaya wajen babban ɗan kasuwa a Maraɗi, ya samu ragin dala 20 a kowace mita, nawa aka rage? Dala 2,400, wato jika 12. Kuɗin nan ya isa a ɗinka wa marayu huɗu nasu. Ga shi kuma launin zai zo iri ɗaya, domin daga bandir ɗaya aka yanko.

Iyaye mata kuwa, wanki za su fara tambaya. A ƙauyuka da yawa na jiharmu rijiya tana da zurfi, ruwa sai an ja da guga, wani wurin ma sai da shanu ko raƙumi. Sabulu kuma saye ake yi. Farar riga tana da kyau ranar farko. Zuwa yamma ta sha ƙura, gobe sai an wanke. Yadin da sai an goge shi da dutsen guga kafin a sa, shi ma wahala ce, ga kuɗin gawayi. Uwa za ta fi son wanda za a wanke da yamma, a shanya, ya bushe kafin asuba.

Su ne kuma suka san yadda yaro ke girma. Wandon da ya yi cif a Oktoba, kafin Yuni ya ɗage. Dabarar tsofaffi ita ce a bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da gindin siket, in yaro ya ƙara tsawo a warware. A ƙugu kuma a yi ƙubaka a zura zariya. Zif yakan lalace, roba takan saki, maɓalli yakan tsinke ya ɓace cikin rairayi. Zariya kuwa ko ta tsinke, kowa na iya yin wata da tsumma.

Auduga ko leda?

A nan ne malami ke da taimako, domin zaɓen yadi darasin kimiyya ne. Yadin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai na auduga zalla. Akwai na roba, wanda ake yi da sinadarin man fetur, mutane na ce masa mai leda. Akwai kuma gauraye, rabi auduga rabi roba, irin wanda teloli ke kira tergal.

Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa. Aibinta, takan tsuke a wankin farko, takan yamutse, ba ta kuma saurin bushewa. Don haka tela mai hankali yakan jiƙa yadin auduga ya shanya kafin ya sa almakashi. Yadin roba yana da ƙarko, ba ya yamutsewa, launinsa ba ya saurin koɗewa, yana kuma da araha. Amma da zafi kamar an sa mutum cikin buhu. An ce araha ba ta ado. A nan, araha ba ta sanyi.

Akwai wani abu da ya fi zafi muhimmanci, shi ne wuta. Makarantu da yawa suna da azuzuwan kara. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Maganin wannan shi ne ginin aji na ƙasa ko na siminti, riga ba ta hana gobara. Duk da haka ya kamata ku san halin yadi gaban wuta. Auduga tana ci da sauri, ta zama toka. Yadin roba kuwa narkewa yake yi, ya manne a fata, ƙunarsa ta yi zurfi. Malam na iya nuna muku da ɗan ƙyalle a tsakar fili, da bokitin ruwa a kusa. Ku kaɗai kada ku gwada. Ku da kuke taya iyaye girki bayan an tashi, ku fara tuɓe kayan makaranta, musamman hijabi mai yalwa.

A ganina, gauraye mai yawan auduga shi ya fi dacewa da ƙasarmu. Sai dai ba shi ne mafi kyau a kowane fanni ba.

Saura launi. Fari yana mayar da hasken rana, shi ya sa yake da sanyi, amma ba ya ɓoye datti. Baƙi yana shanye hasken, ya yi zafi, rana kuma ta koɗar da shi. Tsakaninsu akwai shuɗi, da kore, da ruwan ƙasa. Kalmar kaki ma daga Indiya ta zo mana, asalin ma'anarta launin ƙura. Sojojin Ingila da ke can ne suka fara rina kayansu haka, shekara fiye da 150 da suka wuce, don kada a hango su daga nesa. Launin da ya yi kama da ƙura, ƙura ba ta cika nunawa a kansa ba. Shuɗi kuwa namu ne tun da daɗewa. Kakanninmu da baba suke rini, har yau akwai marina a Ƙofar Mata cikin birnin Kano.

Kafin a saya, a karɓo ƙyalle kaɗan daga kowane yadi a gwada a aji. A auna tsawonsa da santimita a rubuta. A wanke shi sau biyar, a sake aunawa, a ga ko ya tsuke. A jiƙa shi a goga kan farin tsumma, a ga ko yana zuba. A raba shi biyu, a ajiye rabi cikin akwati, rabi a shanya a rana mako guda, sannan a gwama su. Duk abin da aka gani a rubuta a allo. Ɗan kasuwa zai rantse yadinsa ba ya zuba, amma ƙyalle ba ya ƙarya.

Daga zane zuwa keken ɗinki

Ga yadda aikin ke iya tafiya. Kowane ɗalibi ya zana irin tufafin da yake so. Ajin ya tace, ya fitar da uku na maza, uku na mata. Sai a kira telan gari ya duba. Shi zai ce wannan wuyan yana cin lokaci, wancan hannun yana cin yadi. Wani abin da ya yi kyau a takarda, a keke tsada ne. Bajo da ɗamara da lakataye duk ado ne, kowannensu kuma ƙarin kuɗi ne ga uban da muka yi wa lissafi ɗazu.

Tela ya ɗinka samfuri. Yara kaɗan, manya da ƙanana, su sa shi mako biyu. Su yi gudu da shi, su zauna da shi, a wanke shi a gida. Bayan nan su faɗi inda yake matse su, iyayensu mata su faɗi yadda ya yi a wanki. Sai a gyara.

Ranar taron gari, a rataye samfuran a igiya kowa ya gani, ya taɓa. Darakta ya faɗi kuɗin kowanne a fili. Wajen zaɓe, ɗaga hannu yana da matsala, domin kowa yakan saci kallon hannun maigari. Ya fi kyau a ajiye ƙwarya bayan kowane samfuri, a bayan zana, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa ɗaya. Tsakuwar yarinya ƴar aji uku da ta darakta, nauyinsu ɗaya wajen ƙidaya.

Ba da ɗinkin ga telolin garin yana da riba biyu. Kuɗin ya tsaya a gari, in kuma riga ta yage mai gyara yana kusa. Sai dai a duba kalanda. Gab da Sallah tela ba ya da lokacin kowa, kuma kun san watan Sallah yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A kai aiki lokacin da kekuna ke hutawa.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata taron ya amince da su, a rubuta a littafin kwamiti. Na farko, kada a sake launi ko ɗinki sai bayan shekaru masu yawa, don ƙane ya gaji na wansa, ƙanwa ta gaji na yayarta. Waɗanda suka gama aji shida, in sun yarda, su bar nasu a akwatin makaranta don masu shigowa. Na biyu, kada a kori yaro ko ɗaya daga aji don ba shi da tufafi, kada kuma a tsayar da shi gaban ƴan'uwansa a kunyata shi. Ya zo da abin da yake da shi, ya zauna ya yi karatu, kwamiti kuma ya nemi mahaifinsa a asirce a san yadda za a yi.

Gobe kowa ya zo da igiya mai tsawon mita ɗaya. Za ku auna juna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata: kafaɗa, da hannu, da ƙugu, da tsawon ƙafa. Ku rubuta awon a littafinku. Mu ga mita nawa ajinku ke bukata.